Lamba Shida a Ƙaramar Waya

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kasuwar Maigatari take ci, amma Yaya Abdulfatah bai je kara cinikin shanu ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Alhamis ta same shi a gida ba. Yana zaune a zaure da babbar wayarsa, ya danna, ya ajiye, ya sake ɗauka. Na kai masa tuwo da rana, na koma na ɗauko kwanon yadda na kai shi.

Wannan ragowar littafina ne na aji shida. Akwai sauran shafuka da yawa. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake rubutawa.

Kuɗi ne suka tafi. Haka na ji yana faɗa wa Iya, kakarmu. Ba nasa ba ne, na Alhaji Aminullahi ne na Gumel, kuɗin bijimai goma sha ɗaya da za a sayo masa a Nijar. Iya ta ce, "Suka tafi ina? Ƙafa gare su?" Yaya bai yi dariya ba.

Ga abin da na sani. Yaya ba ya ɗaukar kuɗi a jiki in zai tsallaka iyaka, saboda masu tare hanya. Yakan mayar da naira ta zama dalar waya, ya ba wani kamfani da ke cikin wayarsa ajiya. In ya isa can ya yi ciniki, sai ya tura wa mai canji a Dungas, mai canji ya ba shi sefa, ya biya masu shanu. Shekara biyu ana haka lafiya. Jiya da safe ya buɗe zai tura, ya tarar wayam.



Juma'a, 4 ga Oktoba, da hantsi

Ya ce in kawo ƙaramar waya.

Kamfanin ba ya sakin kuɗi sai an sa masa wata lamba shida da yake aikowa ta saƙo. Layin da saƙon yake shigowa ba ya kamawa a ƙauyukan Nijar, don haka ƙaramar wayar a gida take kwana, cikin langar Iya. Iya ba ta karatun boko. Ni ce mai karantawa. In Yaya ya kira daga can, in karanta masa lambar, in goge saƙon. Aikina ke nan tun ina aji biyar, kuma ban taɓa yin kuskure ba.

Ya duba wayar ciki da bai, bai ga komai ba. Ya ce, "Ranar Talata kuɗin suka fita. Wa ya taɓa wayar nan ranar?"

Kafin in buɗe baki Iya ta ce, "Ba kowa, sai abokinka Sajo. Tasa ce ta mutu ba caji, ya ara ya kira matarsa."

Yaya ya ajiye wayar. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Gaskiya ne Sajo ya ari wayar. A gabana ya kira, a gabana ya mayar.

Asabar, 5 ga Oktoba, da safe

Ban yi ƙarya ba. Ba a tambaye ni ba, Iya ce ta amsa.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Sajo abokin Yaya ne tun suna yara. Bafulatani ne, iyayensa suna wata ruga kusa da Sule Tankarkar. Tare suke dillancin shanu. Shi yake sanin dabba, ya dubi haƙori ya faɗi shekara, Yaya kuma shi yake sanin waya. Kalmar sirrin ajiyar su biyu suka san ta, don in ɗaya ya kwanta ciwo kada ciniki ya tsaya.

Mu kuma Barebari ne ta wajen Iya, to kullum ya shigo sai an yi wasa. Tun daga zaure zai ɗaga murya, "Ina baiwata? A kawo wa ubangida ruwa!" Iya ta ce, "Ku ɓoye kwanuka, ɓarawon Bafillace ya shigo." Ya ce, "Me zan sata a gidan da miya ba nama?" Ta bi shi da muciya. Ni in na ga an fara sai in shige ɗaki in yi dariyata a can.

Yau ya zo. Bai kira kowa baiwa ba. A zaure suka tsaya shi da Yaya, ina jin su ta bayan katanga.

Yaya ya ce, "Kalmar sirri ni da kai muka sani."

"Haka ne."

"Waya kuma ranar Talata ta shiga hannunka."

 Sajo ya ce, "Abdulfatah, faɗi abin da kake son faɗa. Kada ka yi ta zagaye ni kamar kana tayin saniya."

Yaya bai faɗa ba. Sajo ya tafi bai sha ruwa ba.

Iya ta zauna a bakin murhu ta ce, "Ni da bakina nake ce masa ɓarawo shekara da shekaru. Astagfirullah."

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Yau mako ɗaya. Bari in rubuta ko zan huta.

Bayan Sajo ya mayar da wayar ya tafi, Iya ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ina tsince wake wayar ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Yaya ya saba kira da wayar mutane in katinsa ya ƙare. Sau biyu ma wani ne ya yi magana a madadinsa, don hannunsa yana riƙe da igiya.

Mutumin ya yi cikakkiyar sallama. Muryar babba ce, a natse, irin ta limamai. Ya ce, "Abdulfatah Hussaini nake nema." Hussaini sunan Babanmu ne, Allah ya jiƙansa.

Na ce ba ya nan, ya tsallaka.

Ya yi dariya. "Ai na sani, 'yata, tare muke. Ke ce wa?"

Na ce ƙanwarsa ce.

"Madalla. Ya mutan gida? Ga shi can yana fama da wani bijimi mai taurin kai. Saƙo zai shigo yanzu, ya ce ki karanto mini."

Bai rufe baki ba saƙon ya shigo. Na ce a raina, in ba tare suke ba, ta yaya ya san zai shigo?

A ƙasan lambar akwai Turanci mai tsawo. Ban tsaya haɗa shi ba, babba yana jira. Iya ta hana mu barin babba yana jira.

Na karanta. Ya maimaita. Ya ce in goge saƙon, in goge kiran ma kada wayar ta cika. Na goge. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni ilmi mai amfani. Na ce amin.

Har daɗi na ji ranar, don na yi magana da baƙo ban yi in'ina ba.

Talata, bayan la'asar

Na rubuta, ban huta ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Yaya yana ta aika wa kamfanin saƙo. Da Turanci suke amsawa, kuma kullum amsa ɗaya, wai sun karɓi ƙorafinsa, ya jira. Ya ce ba mutum ba ne yake amsawa, inji ne.

Baffa Ilu, ƙanen Babanmu, ya zo daga Gagarawa a motar haya. Ya zauna ya ce a nuna masa kamfanin. Yaya ya miƙa masa waya. Baffa ya juya ta, ya dubi bayanta.

"Ina ofishinsu?"

"A ƙasar waje suke, Baffa."

"Wace ƙasa?"

Yaya ya faɗi wata, ya ce ko kuma wata.

"Wa ka sani a cikinsu? Ɗan gidan wa ne?"

"Ba haka ake yi ba, Baffa. Mutane miliyoyi suna ajiya a wurinsu."

"To. Ni dai ko buhun gero zan ba mutum ajiya, sai na san ƙofar gidansa, na san inda aka binne ubansa. Banki ma in ya ci maka kuɗi, ka san bakin ƙofar da za ka je ka yi kuka. Kai yanzu ina za ka yi naka?"

Yaya ya ce hanya ce ba ta da kyau, mutum nawa aka tare da kuɗi a jiki. Baffa ya ce ya sani, bai ce hanya tana da kyau ba.

Ina kawo shayi ya zube mini a tire. Baffa ya ce, "Kyauta, lafiya? Kin rame." Na ce zazzaɓi ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Iya ta aike ni kasuwa sayo daddawa da kanwa. Na bi ta bayan kara don kada in haɗu da kowa, sai ga shi.

Sajo yana zaune a gindin wata bishiyar bedi shi kaɗai, sandarsa a kan gwiwa. Ranar kasuwa, rana tsaka, kuma ba igiyar kowa a hannunsa. Da can masu shanu har rububinsa suke yi. Magana ta riga ta zaga. Wani ya wuce da shanu uku, ya kauce ya ba wani dillalin.

Na so in juya, ya riga ya gan ni.

"Kyauta! Zo mana, ƙanwarmu. Yau ma ba za a gaishe ni da baki ba, sai da ka?"

Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ki gaida baiwata." Sai ya tsaya. "A'a. Ki gaida Iya."

Ya kira mai rake ya yanka mini gaɓa biyu. Na karɓa. Ban iya sha ba, na ba yaran maƙwabta.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Na yi niyyar faɗa wa Yaya bayan sallar asuba. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Mene ne?" Na ce, "Koko ko shayi?"

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Jiya Yaya ya tafi Kano. Wani ya ba shi adireshi, wai nan ne wakilin kamfanin yake. Ya dawo yau. Ya ce shagon sayar da murfin waya ya tarar, mai shagon ma bai taɓa jin sunan kamfanin ba.

A waya ya shiga wani guruf, wato zauren hira, na waɗanda abin ya shafa. A ciki wani ya ce masa shi ma'aikacin kamfanin ne, zai dawo masa da komai cikin kwana biyu in ya biya kuɗin aiki. Har hoton katin aikinsa ya turo. Yaya ya sayar da buhun riɗinsa biyu ya tura. Tun daga nan mutumin bai sake amsawa ba.

Iya ta ce, "Maciji ya sare ka, ka mayar da hannu ramin ka tambaye shi magani."

Yaya ya tashi ya fita. Alhaji Aminullahi ya aiko sau uku. An ce babur ɗin Yaya za a fara sayarwa.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

A Islamiyya na kasa kawo haddata. Malama ta ce ba halina ba ne. Da aka tashi na tsaya ina gyara allo har kowa ya fita. Na ce, "Malama, wanda aka yaudara ya taimaki ɓarawo bai sani ba, yana da zunubi?"

Ta ce, "Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba." Tana naɗe tabarma ta ƙara da cewa, "Amma daga ranar da ya sani, wannan kuma wani lissafin ne. Wa ya aiko ki?"

Na ce ba kowa, a rediyo na ji.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Mako biyu.

Duk wayar da ta yi ƙara, ko ta mai wucewa ce a waje, sai gabana ya faɗi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Kamfanin ya yi magana yau. Ba da Yaya kaɗai ba, da kowa. Yaya ya fassara wa Baffa da Iya a tsakar gida, ina wanke-wanke a gefe.

Wai wasu sun kutsa cikin injinansu tun watan jiya, sun kwashe sunayen mutane da lambobin wayarsu, har da kalmomin sirrin wasu. Wai suna ba da haƙuri. Wai sun dakatar da fitar da kuɗi na kowa da kowa sai sun gama bincike, ba su faɗi rana ba. Amma duk wanda ya ba wani lamba shidan nan da kansa, su babu ruwansu, don sun rubuta a ƙasan kowane saƙo kada a ba kowa.

Ashe abin da Turancin yake cewa ke nan.

Baffa ya ce, "Tun watan jiya aka fasa musu rumbu, sai yau suke faɗa?"

Yaya ya ce a guruf mutane suna ta bayani. Wani mai sayen riɗi a Gumel an kira shi, wani mai canji a nan Maigatari an kira shi. Da Hausa ake kiransu, da sunansu da na ubansu.

Na tsaya da wanke-wanken.

Baffa ya ce, "To ko kai ma kiran aka yi? Waya ai a gida take. Ka tambayi yarinyar nan da kyau?"

Yaya ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Kyauta? Baffa, yarinyar da ko mai tallan manja ya yi sallama sai ta gudu ɗaki? Ba ta taɓa karanta wa kowa lamba ba sai da izinina. In akwai wanda na yarda da shi a duniyar nan, ita ce. Da an kira da ta faɗa mini tun ranar."

Iya ta ce, "Wannan gaskiya ne."

Yaya ya ce, "Shi ya sa nake cewa saura mutum ɗaya."

Na ɗauki kwanukan na shiga madafa. Akwai waɗanda ban ɗauraye ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

An kai maganar gaban shugaban dillalai. Sajo da kansa ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. An sa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, a zauren gidanmu, gaban shugaban da Alhaji Aminullahi da Baffa.

Na ji sanyi a raina. Na ce to shi ke nan, zai rantse, gaskiya gare shi, ba abin da zai same shi, kowa ya huta.

Na tambayi Iya, muna surfe, "In ya rantse ai magana ta ƙare ko?"

Ta ajiye taɓarya. "Ta ƙare a ina? Ke yarinya ce. Mutumin da aka kai shi ga dafa Alƙur'ani a kan sata, ko ya fita, sunansa bai fita ba. Gobe akuyarsa ta mutu, a ce rantsuwa ce. Ɗansa ya yi tari, a ce rantsuwa ce. Har jikokinsa sai an nuna su. Dillali kuwa me yake da shi in ba suna ba? An ce uban Sajo kwana uku bai ci abinci ba. A zuriyarsu ba a taɓa kai kowa ga haka ba."

Ta ɗauki taɓarya. Ta ce, "Daka mana, kin tsaya kina kallona."

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Saura kwana biyar.

Na rubuta a takarda zan sa masa a aljihun riga. Na karanta, na ga kamar ƙaramar yarinya ce ta rubuta. Na sa a murhu.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

An zo an tafi da babur. Yaya ya tsaya a ƙofar gida har aka sha kwana da shi.

In na faɗa, kamfanin ba zai biya ko sisi ba, sun riga sun ce babu ruwansu da wanda ya bayar da kansa. Yanzu Yaya yana da ɗan sa rai. In na faɗa na kashe masa shi. Kuma zai san mako uku ina kallonsa. Kuma a gaban Baffa ya ce ni ce wadda ya yarda da ita.

In ban faɗa ba, Sajo.

Na yi ta juya shi kamar waina, ko ta ina ƙuna.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Ban je Islamiyya ba. Iya ta jiƙa mini sabara, ta ce shawara ce take damuna.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Gobe.

Na share zaure. Ni aka sa na shimfiɗa tabarmin da za a zauna.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar



Bayan an sauko daga masallaci suka taru. Ina jin takalma suna ƙaruwa a bakin zaure. Na leƙa ta jikin asabari. Sajo ya sa farar riga, ya yi alwala, ruwa bai bushe a gemunsa ba. Mahaifinsa yana gefensa, tsoho siriri, ya kafa ido a ƙasa. Alƙur'anin yana kan buzu cikin gafakarsa.

Iya tana tankaɗe a tsakar gida. Na je na tsaya a kanta.  Ta ce, "Matsa, kin tare mini haske."

Na ce, "Iya, an kira."

"An kira wa?"

"Ranar Talatar. Kina gidan barka. Wani mutum. Na karanta masa."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta dube ni, ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na ɗauka mari ne zai biyo. Sai ta miƙe, ko garin hannunta ba ta karkaɗe ba, ta kama wuyan hannuna ta ja ni har bakin zaure. Ta tsaya a bayan asabari ta yi sallama da ƙarfi.

"Malamai, ku gafarce ni, mace ce a bakin zaurenku. Kada a buɗe gafakar nan. Yarinya tana da magana."

Baffa ya ce, "Iya, ai a bari a gama."

"Ilu, na ce kada a buɗe."

Ta matse hannuna. Ta ce a hankali, "Da bakinki. Ni ban ji kiran ba."

Ban san yadda na fara ba. Shugaban dillalai ya ce, "Ɗaga murya, 'yata, ba mai dukanki." Da ya ce 'yata sai kuka ya zo mini, don haka wancan ma ya ce. Na faɗa duka. Sallamar, da sunan Baba, da bijimi mai taurin kai, da gogewar. Na ce Sajo a gabana ya kira matarsa, a gabana ya mayar da wayar, saƙon bai shigo ba sai bayan tafiyarsa.



Alhaji Aminullahi ne ya fara magana. Ya ce, "Innalillahi. Haka suka yi wa yaron shagona, shi da gemunsa."

Yaya ya ce, "Kyauta." Sunana kawai. 

Mahaifin Sajo ya yi magana da Fulatanci, gajeriya, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki gafakar da hannu biyu ya ba shugaban dillalai. Ya ce da Hausa, "A mayar da shi inda yake. Alhamdu lillahi."

Yaya ya matsa wajen Sajo ya ce, "Ka yafe mini."

Sajo ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, Abdulfatah. Da na dafa, da ka yarda?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Sajo ya ce, "To." Ya tashi ya kama hannun mahaifinsa suka fita.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Yaya bai yi mini magana ba. Bai yi faɗa ba. Na kai masa koko ya sha.

Iya ta ce jiya, "Kiran ba laifinki ba ne, manya ma an ci su. Shirun ne naki. Ki san da wannan." Sannan ta zuba mini tuwo ta zauna a gabana sai da na cinye.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Kamfanin har yanzu bai buɗe ba. A guruf wasu suna cewa ba zai sake buɗewa ba, waɗanda ba a sace musu komai ba ma nasu ya maƙale. Yaya ya rubuta musu gaskiyar abin da ya faru. Injin ya amsa, wai sun karɓi ƙorafinsa.

Alhaji ya ce a biya shi a hankali, kaka bayan kaka. Gonar Baba ta bakin hanya za a ba shi jingina.

Har yanzu bai yi mini magana ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

An ce shugaban dillalai ya tsaya a tsakiyar kara da safe, ya faɗa da ƙarfi cewa Sajo ba shi da hannu, duk wanda ya sake faɗa zai gamu da shi. An ce kafin azahar igiya huɗu ce a hannun Sajo. Da wani yake aiki yanzu, ba da Yaya ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da sassafe Yaya da Baffa suka hau motar Sule Tankarkar da ƙwaryar goro, suka je rugar su Sajo ban haƙuri. Sun dawo ɗazu. Ina ɗaki ina jin Baffa yana ba Iya labari. Tsohon ya karɓi goron, ya yanka musu zabo. Sajo ya ba Yaya hannu, amma bai zauna cin abinci da su ba, ya ce shanu suna jiransa. Iya ta ce, "Zai zo gidan nan?" Baffa ya ce, "Ba yanzu ba. Wataƙila ba nan kusa ba."

Can sai na ji takun Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakinmu. Bai shigo ba.

Ya ce, "Kyauta."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Sajo ya ce a gaishe ki. Da za mu taho ya biyo mu har bakin hanya ya faɗa. Ke kaɗai ya ambata da suna."

 Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Ki ce kina amsawa mana."

Na ce ina amsawa.